Sallamar da Kyaftin ya yi wa malamarsa

A shekarun da gwamnatin Birtaniya take ta tsuke bakin aljihu, mu ɗalibai huɗu muke haya a wani gida mai sanyi a unguwar Selly Oak. Ɗakin ƙasa na wani sojan Najeriya ne da aka turo karatun digiri na biyu. Kyaftin muke ce masa. Ban taɓa ganin sojan da ke tsoron ruwan sama kamarsa ba, ɗan yayyafi sai ya naɗe kamar ƙunshin goro, mu yi ta yi masa tsiya. Ba ya fushi. Ni kuwa an san ni a gidan, kwano ɗaya aka bari ba a wanke ba sai na tayar da jijiyar wuya.

Karatun nan ba na ado ba ne a wurinsa. An yi masa alkawarin idan ya gama za a mayar da shi koyarwa a makarantar horar da sojoji, ya huta da daji, ya zauna kusa da matarsa da 'ya'yansa.

Ana tsakiyar zango na biyu yaƙin arewa maso gabas ya yi tsanani, aka kira shi gida. Kwamandansa ya ce na ɗan lokaci ne, muddin gurbinsa yana nan a jami'a zai sake shi ya dawo.

Kyaftin ya yi abin da duk ɗan mutunci yake yi kafin tafiya. Ya hau mota har Manchester ya sayo turare a unguwar Cheetham Hill, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana sallama da neman gafara. Liman, mai shagon nama na Bristol Road, wani dattijo ɗan Ghana da ke yi masa aski, babu wanda ya tsallake. Daga ƙarshe ya sa kaftaninsa mai kyau ya je ofishin malamar da ke duba aikinsa, wata Baturiya mai kirki. Ya dawo yana fara'a.

"Supervisor ta ba ni izini," in ji shi. "Ta ce in kula da kaina, aikina yana nan yana jirana."

Na ce, "Shi ke nan, Kyaftin. Tunda babba ta yi magana, me ya rage?"

Dukanmu haka muka ɗauka. A wurinmu idan ka je gaban malaminka ya ce je ka, magana ta ƙare.

Ashe a nan ba haka ba ne. Ita ta ɗauka ban kwana ya zo yi bayan ya gama da ofishin ɗalibai, shi kuma bai ga wani ofishi da ya wuce ta ba. Aka yi ta kiran suna a aji ba ya nan, saƙonni suna ta shiga imel ɗin da ba mai buɗewa a daji. Kafin labari ya iso mana an cire sunansa, bizarsa ma ta bi ruwa.

Na je ofishin da zafina. A da ma'aikata uku ne a wurin, yanzu saura mace ɗaya, ga layi har bakin ƙofa. Na ce na ji ana ɗaga ƙafa ga ɗalibin da aka kira aikin soja. Ta ce haka ne, amma sojan ƙasar nan ake nufi. Shi kuwa da ya biyo ta nan kafin ya tafi, da an dakatar masa da karatun an ajiye masa gurbinsa. Na yi faɗa har muryata ta dishe. Ba ta rama ba, ita ma a gajiye take. Malamar ta yi ta kai-komo har da hawayenta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Aka ce sai dai ya sake nema daga farko, hukumar da ta ɗauki nauyinsa kuwa ta ce ba ta biya sau biyu.

'Yan gida kowa ya zame, aka bar ni da faɗa masa. Wallahi tsoron kiransa na riƙa ji. Wata Juma'a da la'asar ya samu layin waya ya kira ni.

"Malam, ya karatu? Oga ya ce in kawo shaidar cewa jami'a tana jirana, zai sa hannu. Ka karɓo mini?"

Na faɗa masa komai.

Ya ce, "Amma ai malamata ta ce in je."

"Ta ce, Kyaftin."

Ya yi salati a hankali. Sannan ya ce, "Don Allah ka je ka gaishe ta, kada ta ɗauka na riƙe ta a zuciya. Maiɗakina kuma kada ka faɗa mata tukuna. Ta riga ta gaya wa yara na kusa barin daji."

Ba a daɗe ba aka tura su can ciki, inda waya ba ta shiga. Matarsa ta riƙa kirana tana tambayar yaushe makaranta za ta neme shi. Nakan ce mata, Hajiya, ana kan magana.