Tumakin Murdo Ba Sa Karɓar Sadaka

Mijin yayata, Murdo Kinloch, bai taɓa ba tunkiya busasshiyar ciyawa ba a rayuwarsa, kuma ba za ka gama shan kofin shayi a gidansa ba tare da ya gaya maka haka ba. Ni ne Wattie, ƙanin matarsa Noeline. Gonata tana ƙasa cikin kwari, tasa tana can sama inda hanyar mota ta ƙare, tafiyar awa guda daga garin Fairlie in hanya ta yi kyau. Shekara talatin da takwas yana auren yayata, kuma in ka cire gaisuwa, duk abin da ya haɗa ni da shi a cikinsu gardama ce a kan ciyawa.

Ni dai kamar kowa nake yi. In zafi ya shigo in yanka ciyawa, in busar, in ɗaure dami-dami in cika rumfa, in hunturu ya kama in loda a tarakta in kai wa tumakina. Da ya hango ni sai ya fara.

“Mai otal! Ya baƙin naka? Me suka ce a dafa musu yau?”

“Tsoho, ka bari. Wata rana za ka zo kana roƙona dami ɗaya.”

“Ni? Tumakina ba sa karɓar sadaka. Tunkiyar da za ta ji ƙarar tarakta ta rugo da gudu baki buɗe, wannan ba tunkiya ba ce, mabaraciya ce.”

Abin haushin shi ne, ba maganar banza yake yi ba. A gidan nan aka haife shi, ya bar makaranta yana shekara goma sha huɗu ya bi ubansa kan dutse, ya san wurin nan ciki da bai. Yana da wani babban gangare mai fuskantar arewa, rana tana dukansa tun daga fitowarta. Dusar ƙanƙara in ta sauka a can, kwana biyu ko uku ta zame ta narke, tumaki su tona da ƙafa su ci ciyawar dutse. Duk tunkiyar da ta kasa fita hunturu da ƙarfinta, sayar da ita yake yi, ba ya barin jininta a garke. Haka ubansa ya yi, haka ya ɗora, har ya tara tumaki mata dubu da ɗari, zalla irin merino masu lallausan gashi, ƙanana, masu taurin rai da taurin kai irin na mai su. Ba shi da wani abu a duniya bayan su. 'Yarsa ɗaya ce, Ailsa, tana aikin jinya a Australiya. Ya taɓa kai mata ziyara ta mako biyu, ya dawo a kwana na shida wai bai yarda da wanda ya bar wa raguna ba.

Shekarar da nake ba da labari yana da shekara sittin da tara, gwiwarsa ta hagu ta riga ta gaji. Farkon Yuli, tsakiyar hunturu ke nan a ƙasarmu, wata Alhamis da hantsi, dusar ƙanƙara ta fara sauka. Babu iska ko kaɗan, kuma mu nan wannan ne ke ba mu tsoro, don iska ce ke share tuddai ta bar wa dabba wurin tsayawa. Ta sauka Alhamis, ta sauka Juma'a, ta sauka Asabar. Da ta tsaya, shingen waya ya ɓace, sai kawunan turaku. Sannan gari ya washe tas, sanyi ya sauko ya daskarar da samanta kamar an yi daɓen siminti. Rana ta fito kan gangaren Murdo kamar yadda ta saba, amma ko ɗigo ɗaya bai narke ba.

Sai a kwana na biyar na isa gidansu, ina bin bayan buldoza. Wuta ta ɗauke tun ranar farko, wayar tarho ta tsinke, famfo ya daskare. Na tarar da Yaya a kicin da riguna uku a jikinta, ta ɗora babbar tukunya kan murhun kwal tana narkar da dusar ƙanƙara. Kajinta guda tara suna cikin bahon wanka, don rufin akurkinsu ya rufta. Sun jawo katifa sun shimfiɗa gefen murhu, sauran ɗakunan duk an rufe an toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Tukunya cike fal, in ta narke, da ƙyar take ba da ruwan shayi na mutum biyu.

“Yaya, ina tsohon?”

“Yana can yana haƙa. Tun Lahadi yake haƙa hanya da shebur zuwa dutse. Wattie, bai wuce kejin karnuka ba har yanzu. Je ka shigo da shi, ni na gaji da magana.”

Na same shi a cikin rami har ƙirji, gemunsa ya yi ƙanƙara. Bai ce mini mai otal ba. Ya dai dube ni ya ce, “Mutum nawa za ka iya samo mini?”

Na samo huɗu, da ni da shi shida. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke mu bibbiyu ya sauke mu a saman gangaren, muka fara tattake hanya. Aikin ba wata dabara a cikinsa sai wahala. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya fasa ƙanƙarar da gwiwa da ƙirji, na baya su tattake, in na gaba ya kusa faɗuwa ya koma ƙarshen layi. Hanya ce mai faɗin tunkiya ɗaya. In kun isa inda suka taru, ku ɗaga ɗaya ku jefa ta kan hanyar, ku tura, sauran su biyo ta a jere. Mun same su rukuni-rukuni, ashirin nan, hamsin can, sun cure wuri ɗaya sun tattake ɗan fili, bango fari ya kewaye su. Yunwa ta sa sun fara cin gashin juna. Waɗanda dusar ta binne kuwa, karnuka ne ke nuna mana, ka ga ɗan rami mai ruwan ɗorawa inda numfashinsu ya huda. Murdo bai yarda a tsallake shi a layi ba ko sau ɗaya. Na ce masa ya tausaya wa gwiwar nan, ya ce in tausaya wa bakina.

Kwana uku muna wannan. Muka sauko da ɗari takwas da 'yan kai zuwa filin da buldoza ta share a gaban gida. Wallahi ranar na yi murna, har na rungume shi, ya ture ni. Filin kuwa ƙasa ce daskararriya, babu ko tsinke, amma ni ban damu ba, don rumfata cike take. Na sauka na lodo dami sittin. Duk hanya ina shirya abin da zan gaya masa, ina dariya ni kaɗai a kan tarakta. Na isa, na yanke igiya, na baza ciyawa layi-layi, kore shar, mai ƙamshi, irin wadda tumakina ke tattake juna a kanta.

Tumakin Murdo suka ja da baya. Suka koma ƙarshen fili suka tsaya suna kallonmu.

“Tarakta suke tsoro,” in ji shi. “Janye ta.”

Na janye. Muka koma kicin muna leƙe ta taga. Bayan wani lokaci suka matso, suka shinshina, suka bi ta kai suka wuce. Wasu suka kwanta a kanta. Tunkiya tana mutuwa da yunwa, tana kwance a kan abinci, ba ta san abinci ba ne. Uwarta ba ta taɓa ci a gabanta ba, kakarta ba ta taɓa ci ba. Mun sha jin tsofaffi suna cewa tumakin dutse suna yin haka, amma ni ban taɓa gani da idona ba, kuma na ɗauka yunwar kwana tara za ta koya wa kowa hankali.

Babu abin da ba mu gwada ba. Muka yayyafa ruwan gishiri. Yaya ta dama sukari da ruwan ɗumi ta zuba a kai. Na kawo tsofaffin tumakina guda talatin, manyan mabarata, na sake su a tsakiya don su nuna musu. Nawa suka duƙufa suka ci har cikinsu ya yi tim, na Murdo suna gefe suna kallo. Ƙananan, 'yan shekara biyu, wasunsu suka kwaikwaya suka fara tsinka, su ne suka rayu. Manyan kuwa, waɗanda ya fi ji da su, waɗanda suka fita hunturu biyar da shida da ƙafarsu, ko kallo ba su ƙara yi ba. Kuma dukansu suna da ciki.

Da safe a kwana na goma sha biyu na tarar da shi durƙushe, ya matse wata tsohuwar tunkiya tsakanin gwiwoyinsa, yana cusa mata ciyawa a baki da yatsa. Tana turowa da harshe, yana mayarwa.

“Ci mana, 'yar nan. Ci, don Allah. Haba, uwar garke, ci ko kaɗan.”

Raina ya ɓaci, ban san lokacin da na fashe ba. “Shekara nawa ina gaya maka? Dami goma a shekara, Murdo! Goma kacal, ka watsa wa 'yan raguna su san ɗanɗanonta, shi ke nan! Amma ina, kai ka fi kowa sani. To ga shi nan!”

Na so ya zage ni, ko ya tashi ya kai mini naushi. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Na sani, Wattie. Riƙe mini kanta.” Na riƙe. Har yau in na tuna abin da na faɗa masa a wurin nan, kunya nake ji kamar in nutse.

Sanyin bai saki ba sai da ya yi mako biyar. Kowace safiya sai mu tarar da waɗanda suka kwanta ba za su ƙara tashi ba, idonsu biyu, tsuntsaye suna jira a kan turaku. Irin waɗannan ba a barinsu, yanka su ake yi. Na ce ya ba ni wuƙar, ya hana. Shi yake bi ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kan kowace kafin ya yanka, ni ina jan gawa zuwa ramin da aka haƙa musu. Akwai ranar da ya yi saba'in da ɗaya. Da muka shiga gida Yaya ce ta buɗe masa yatsunsa daga kan ƙotar wuƙar, ta tsoma hannun a ruwan ɗumi. Ta ajiye masa miyar sha'ir da naman rago, ya dubi kwanon, ya ture. Ita kuma ta koma bakin murhu ta ba mu baya.

Da dusar ta tafi muka ƙirga a bakin ƙofar garke: ɗari biyu da goma sha huɗu, kusan duk ƙanana. A cikinsu ma rabi sun yi ɓari. Mutum mai shekara sittin da tara da gwiwa ɗaya ba ya sake gina garke daga nan, kowa ya sani, shi ma ya sani. Ailsa ta yi ta bugo waya tana cewa su sayar su koma garin Timaru kusa da asibiti. Yaya ta ce to. Shi bai ce to ba, bai ce a'a ba.

Cikin Satumba na hau in duba su. Yaya ta nuna mini dutse da haɓa.

“Kullum can yake wuni. Ya ce ba zai bar gashin ya ruɓe ba.”

Waɗanda ba mu samu ba a lokacin tattake hanya, kusan ɗari uku, dusar ta narke ta bar su a fili, a gindin duwatsu da bakin shinge. In gawa ta kwana biyu gashinta yana fita da hannu, ba sai da almakashi ba. Aiki ne da ba wanda ke so, warin kaɗai ya isa ya kore ka. Na hango shi can tsakiyar gangaren yana jan buhu, yana ɗingishi daga wannan gawa zuwa waccan. Na hau na same shi zaune a kan dutse kusa da wata, ya fige rabinta.

“Tsoho, tashi mu tafi gida. Wannan nawa zai kawo maka? Bari, don Allah.”

Kamar bai ji ni ba. Ya tsinko ɗan gashi daga kafaɗarta, ya ware shi a hankali da manyan yatsunsa, ya ɗaga wa rana. Fari sol, lallausa, har wani sheƙi yake yi.

“Zo ka gani, Wattie. Taɓa ka ji.”

Na taɓa. Ban taɓa riƙe gashin tunkiya mai laushinsa ba, kuma na gaya masa gaskiya.

Ya gyaɗa kai. “Tun Baba yana da rai muke neman wannan. Bana ne ya fito.” Ya sa shi a buhu, ya jawo ƙafar tunkiyar ya juya ta ɗaya gefen, ya ci gaba da figa.