Ƙahon Radivoje

Shekara hamsin Radivoje ya yi yana busa ƙahon tagulla mai maɓallai a ƙauyukan Vranje. Biki shi ne, jana'iza shi ne, ba a binne kowa a yankin ba tare da ya raka shi da busa ba. Matarsa Stamena takan ce, "Kai dai ko akuya ce ta mutu sai ka kumbura kumatu." Shi kuwa ya ce, "Ke ma naki na nan na ajiye miki, mai tsawo."

Zuciyarsa ce ta fara bugu ba tsari. Likita a birnin Nish ta sa masa wani ɗan marfi a aljihun zuciya inda jini ke daskarewa, don kada gudan jini ya haura kai ya shanye masa ɓarin jiki. Ta ce ya sha ƙwayoyinsa kullum, kuma kada ya kuskura ya yi busa sai an ɗauki hoton cikin ƙirjinsa da na'ura bayan sati shida an ga marfin ya zauna.

Kwana goma da dawowarsu gida, Stamena ta faɗi a cikin lambun barkono, ba ta tashi ba. Aka binne ta ba busa. Wannan abu ya ci shi ƙwarai. Sai ya ɗora ransa kan zai yi mata busar ranar arba'in, ranar da rai ke yin sallama da gida.

Saura kwana biyar 'yarsa Biljana ta kai shi hoton. Aka tura shi cikin na'ura, ruwan allura ya bi jikinsa da ɗumi, ya riƙe numfashi yadda aka ce.

Likitar ta juyo masa da allon. "Baba, ga marfin nan. Wannan duhun da ke kansa gudan jini ne. Kana shan maganinka kuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Baba, da kai fa ake magana," in ji Biljana.

"Yana wurin uwarki."

"Wurin wa?"

Ashe ranar da aka shirya gawar, matan unguwa sun sa mata kayanta a akwatin gawa kamar yadda aka saba: tabarau, mataji, ɗankwalin zuwa coci. Suka ga gwangwanin magani a aljihun rigarta, suka haɗa da shi. Nasa ne. Ita ke riƙe masa, ita ke ajiye ƙwaya kusa da kofinsa kowace safiya. Yana tsaye ya gani, ya bar mata shi.

"Haba Baba! Kantin magani ya ƙone ne?" in ji Biljana.

"To in ce a buɗe hannunta a karɓa? Kuma in sayo wani, wa zai miƙo mini?"

Likitar ta rubuta magani mai ƙarfi, ta ce wata uku ba busa, sannan a sake hoto. Ya ce waƙa ɗaya ce tak zai busa wa matarsa. Ta ce, "Baba, in ka yunƙura gudan nan ya ɓalle, ba ni da abin da zan yi maka."

Ranar arba'in aka taru a kabari da kyandir da dafaffiyar alkama. Limamin coci ya gama addu'a. Radivoje ya zaro ƙahon daga cikin kwat ɗinsa, ya goge bakin da babban yatsa, ya ɗaga. Biljana ta kama hannun rigarsa.

"Baba, kai kaɗai ka rage mini."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke ƙahon zuwa ƙirjinsa, ya bi waƙar da yatsu tun daga farko har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa. Ba wanda ya motsa. Ba abin da ake ji sai ƙas-ƙas ɗin maɓallan tagulla.