Filashin ɗin da Sista Laraba take jira

Jiya ina kwashe tarkacen akwati sai ga tsohuwar wayata mai tocila. Na sa ta a caji, ta kuwa kawo. Saƙonnin Sista Laraba, nas ɗin da ke ba mu maganin HIV, duk suna nan.

A lokacin ina leburanci a wani kamfani a Kudenda. Duk Litinin sai ta turo: "Ɗan'uwa, kana sha kuwa?" Ba sunan asibiti, ba sunan ciwo, don ta san yadda waya ke yawo hannu-hannu a gidan haya. Ni kuma in yi mata filashin sau ɗaya. Amsar ke nan.

Da aka sallame mu daga aiki, zuciyata ta mutu. Na koma Kakau ina noma, na watsar da magani, na daina filashin. A mako na uku sai ga kiranta.

Na ce, "Sista, ki ƙyale ni kawai. Na gaji."

Ta ce, "Baban Joy, duk Litinin sai na bi sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Filashin ɗinka ne kaɗai ban gani ba. Gobe ka zo, ko ni in hau acaɓa in same ka a gonar."

Na san za ta aikata. Washegari na je.

Ta yi ritaya tuni. Yanzu kwamfuta ce ke turo saƙon, ba ta taɓa makara ba. Ran nan na yi wa kwamfutar filashin, lambar ma ba ta shiga.

Ku fa, wa ya taɓa lura da shirunku har ya neme ku?