Ramukan dara a bakin tabki

Aikina na farko bayan na fito lakwal, wato makarantar boko, shi ne ƙidayar kifi a bakin tabkin Madarumfa, cikin shekarun da suka biyo bayan samun ƴancin kai. Kowace safiya nakan zagaya mashigai uku inda masunta ke fitowa, in rubuta a kaye, wato littafin rubutu, ranar, da mashigin, da irin kifin. Kowane kwando da layinsa. Ni mutum ne mai yawan zullumi, don haka ko na rubuta sai na koma na leƙa kwandon sau biyu. Cikin shekara na cika kaye huɗu.

Wata Asabar shugaban ma'aikatarmu, wanda muke kira Mushe irin na Faransanci, ya zo daga Maraɗi da babbar takarda mai gida-gida. Yana son sanin sau nawa kowane irin kifi ya fito a kowane mashigi, a kowace rana ta mako. Ya ce zai dawo Alhamis, kuma in aikin ya fi ƙarfina, akwai wani mai karatun kwaleji da ke neman gurbin.

Na zauna na lissafa: kifi iri huɗu, mashigi uku, kwana bakwai, gida tamanin da huɗu ke nan. Na fara da gidan farko, tarwaɗa a mashigin gabas ranar Lahadi. Na bi kaye huɗun layi-layi, na sake bi don kada in yi kuskure. Kafin in cika gida biyu an kira la'asar. Na ga ko wata guda aka ba ni ba zan gama ba.

Kakana na wajen uwa tsohon masunci ne, ya bar ruwa ya koma buga dara a gindin gawo da abokansa. Washegari da hantsi ya gan ni rungume da kaye kamar mai jinya, ya tambaye ni wa ya mutu. Na yi masa bayani. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa abokansa su zo su ga ɗan lakwal da zai juye kwando sau tamanin don ya raba tarwaɗa da karfasa.

“Kai mijin kakarka, ka taɓa ganin mai banda ta ɗauki kifi ɗaya sau biyu? Tana ɗauka, ta san inda za ta jefa.”

Ya share rairayi da tafin hannu, ya tona ramuka irin na dara, jeri uku, kowane jeri rami bakwai. Jeri shi ne mashigi, rami kuma rana. Ya aika gida aka kawo wake, da gujiya, da ƙwallon dabino, muka tsinci tsakuwa. Wake tarwaɗa, gujiya karfasa, dabino ƙawara, tsakuwa gaiwa. Ya ce in karanta kowane layi sau ɗaya tak, su kuma su jefa.

Haka muka yi kwana biyu, daga hantsi zuwa la'asar. Ina karantawa, tsofaffi uku suna jefawa, kowa da jerinsa, suna zolayar juna kan wanda mashiginsa ya fi tsiya. In za mu tashi, sai a kife ƙore a kan ramukan a ɗora duwatsu. Tun kafin mu gama, abin da na yi shekara ina rubutawa ban lura ba ya fito fili: ramukan jajibirin kasuwa sun yi tozo, na Juma'a kuwa ko rabi ba su kai ba. Tsofaffin suka ce ai wannan ko jariri ya sani.

Ranar Talata na ƙirga rami-rami, na cika gidajen takardar. Da na haɗa jimla na gwada da yawan layukan kaye, sai na ga biyu sun ɓace. Na sake ƙirgawa sau uku. Sannan ɗaya daga cikin tsofaffin ya tuna ya kori wata kaza lokacin da muka tashi sallar azahar. Kakana ya ce in ƙara wake biyu ko'ina, ba mai sani. Na kasa. Na rubuta a ƙasan takardar cewa kwando biyu sun ɓace, ban san gidansu ba, ina zargin kaza.

Alhamis shugaban ya zo. Ya zaɓi gida ɗaya, ya sa direbansa ya bi kaye ya ƙirga, aka samu daidai. Da ya kai ƙasan takardar ya tsaya, ya dube ni ta saman tabarau.

“Kwando biyu cikin kaye huɗu, shi ne ka rubuto mini?”

Na ce e, Mushe, ba ni da tabbas ko tarwaɗa ce ko karfasa.

Ya ninke takardar ya sa a jaka, ya ce a kai shi ya ga ramukan. Da zai shiga mota ya miƙo mini sababbin kaye shida, ya ce baɗi yana son a raba wata-wata. Na tsaya ina lissafin yawan ramukan da za a tona, da inda zan samo ƙoren da za su rufe su duka.