Tsohon da ya riƙe mini wurin kabarin maigidana

Na manta abubuwa da yawa a tsufana, amma shekarar da maigidana ya rasu a Madina da abin da wani tsohon Bature ya yi mini, wannan kam sai dai in tafi da shi kabari. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, in kuka ya katse ni a yi mini haƙuri.

A unguwar Ƙurban muke zaune a lokacin, maigidana yana ɗinki a wani ɗan shago. Kusa da shagon wani tsoho ya kama ɗaki, fari sol, mai dogara sanda. Mutumin Poland ne, kuma Musulmi tun kaka da kakanni. Mutanenmu suka ƙi yarda, suka sa masa Alhaji Bature. Kullum yana shago yana shan shayi, suna hira da gurguwar Larabci. In na aika da tuwo, sai maigida ya tsokane shi: "Alhaji, yau ma da cokali za ka ci mana mutunci?"

A bakin maigida na ji labarinsa. Da Jamusawa suka mamaye ƙasarsu, yana cikin samarin da suka ƙi miƙa wuya. A ɓoye suke buga jarida, su raba ta gida-gida, wanda aka kama kuwa ya tafi ke nan. Haka aka kama ƙanensa da wasu, aka kai su daji aka harbe, har yau ba wanda ya san ramin. Bayan yaƙi sababbin masu mulki suka hana shi komawa gida, ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan rediyo a wata ƙasa, yana faɗa wa mutanensa gaskiyar da ake ɓoye musu.

Ciwon maigida bai yi tsawo ba. Aka sallace shi a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Kowa ya zo gaisuwa sai ya ce, "Hajiya, kin yi dace, mijinki ya kwanta cikin sahabbai." Na sani, na kuma gode wa Allah. Amma mata ba sa shiga Baƙi'a, kabari ba ya da suna, ni kuma ina takaba. Kafin in fito, wa zai tuna inda aka sa shi? Na tambayi ƙanin maigida, ya ce, "Haba Yaya, ai duk ƙasa ɗaya ce, addu'a ba ta ɓatan hanya." Gaskiya ya faɗa, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Wata safiya na ji ƙwanƙwasar sanda. Alhaji Bature ne, ya tsaya a waje bai shigo ba.

"Ya Hajja," ya ce, "ina wurin. Da idona na gani."

Ya faɗa mini waɗanda suka shiga ramin, da yadda aka kwantar da shi a hankali, da yadda tattabaru suka tashi da aka fara zuba ƙasa. Bai ƙara gishiri ba, bai kuma ce in yi haƙuri ba. Ranar na yi kukan da ya sauke mini nauyi.

Ashe tun daga nan kullum bayan asuba sai ya ja ƙafarsa ya je ya tsaya kan kabarin, don sababbin kaburbura suna ta kewaye shi, in aka yi sake wurin zai ɓace. Abokan maigida har dariya suke yi masa: "Alhaji, gadi aka ba ka?" Shi kuwa har tafiyar da ya shirya ta barin Madina ya ɗaga.

Da na fita takaba ya ce in same shi a jikin katangar Baƙi'a, inda ake hangen ciki ta tsakanin ƙarafa. Ya shiga ina kallo, yana ɗingishi cikin rana, har ya yi nisa. Sai ya tsaya, ya juyo, ya ɗaga sandarsa sama. Tudun ƙasa ne da ɗan dutse kamar sauran, amma na riƙe ƙarfe na yi wa mijina sallama.

Da ya fito na ce, "Alhaji, ka tabbata nan ne?"

Ya ce, "Hajja, a aikina ba a cewa wai." Sannan ya ce, "Mahaifiyarmu ta mutu tana tambayar inda aka binne ƙanena. Ba wanda ya zo ya ce mata ya gani."

Bai daɗe ba ya bar Madina, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ni kuwa daga baya na shiga cikin masu wankan gawar mata, kuma duk baƙuwar da na wanke sai na nemi danginta na faɗa musu abin da na gani. Wannan tsoho ya koya mini cewa wanda aka yi wa mutuwa, kafin a ce masa ya yi haƙuri, yana bukatar wanda zai tsaya a ƙofarsa ya ce, "Ina wurin." Allah ya jiƙan maigidana, ya haskaka kabarin Alhaji duk inda yake.