Katin Leitau

Leitau ba ta taɓa yi mini komai ba, kuma wannan ne ya fi damuna da ita. Mutumin da bai taɓa yi maka laifi ba, ko na ƙwayar zarra, to ka sa masa ido.

'Yar tsibirin Nguna ce, can Vanuatu. Ubanta masunci ne. Shekarar da guguwa ta kwashe musu rufin gida da bishiyoyin kwakwa, sai ta biyo wata gwaggonta nan birnin Nouméa, suka kafa tebur a kasuwar bakin ruwa suna sayar da laplap. Rogo take gurzawa da hannu, ta kwaɓa da madarar kwakwa, ta naɗe a ganyen ayaba ta gasa. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya. A gaban teburin nan ƙanena Siwel ya same ta.

Siwel direban bas ne. Ɗan'uwana ne, ciki ɗaya, amma gaskiya gaskiya ce: ba shi da kyau, ba shi da baki, ga ɗingishi tun yana yaro. 'Yan matan Lifou, tsibirinmu na asali, kaf sun gan shi sun wuce. Sai ga mace son kowa, doguwa, mai wushirya, wai shi take so. Na ce to, akwai magana. Mu mutanen Lifou a takarda Faransawa ne, 'yan Turai ke nan, ko da yake Siwel ko a mafarki bai taɓa taka Turai ba. Wadda ta aure shi ta auri izinin zama.

Na faɗa masa tun kafin dangi su tara doyar aure.

"Siwel, kai kanka ka duba madubi. Me ta gani?"

"Ta ce ina ba ta dariya, Yaya."

"Ai mu ma kana ba mu."

Aka yi aure. Kowace shekara sai ta je ofishin baƙi a sabunta mata izini, shi kuma ya raka ta. Ni ina gefe ina jira a ga halinta. Ta riƙa wanke masa kayan aiki, ta shafa masa man kwakwa a ƙafar da ke ciwo, ta kai masa abinci har tasha. Ni ma in na je gidan, sai ta tashi ta ba ni kujerarta, "Yaya sannu, Yaya ga shayi." Raina ya ƙara ɓaci, don na san mai neman abu haka yake yi.

Da shekarun suka cika, lokacin neman katin zama na dindindin ya zo. Wannan in ta samu, shi ke nan, ba ta ƙara buƙatar kowa ya raka ta ko'ina. Amma sai mijin ya je da ƙafarsa ya sa hannu cewa suna tare.

Na ce wa Siwel kada ya yi garaje. "Tura ta gida tukuna, ta yi noman doya ɗaya tare da su Inna. In ta jure, ma gani."

Na ɗauka za ta yi gardama, ga teburinta, ga masu sayenta. Ba ta yi ba. Ta bar wa gwaggonta tebur ta shiga jirgin ruwa. Kowa ya san gonar Lifou, dutse ne da 'yar ƙasa a tsakani. Ta yi sharar daji, ta kafa sanduna, ta zauna har aka ci sabuwar doya. Ta dawo hannu duk kanta, tana jin yarenmu har da zolayar tsofaffi. Inna ta aiko a ce mini Siwel ya yi sa'ar mata.

Sai abin ya fi ba ni tsoro. Haƙuri irin wannan, a kan Siwel? Na ce lallai abin da take hange babba ne.

Ranar zuwa ofis na ce zan raka su. Leitau ta sa doguwar riga mai furanni, ta riƙo jakar takardu da hotunan biki. Da ta yi gaba ta sayo ruwa, na jawo hannun Siwel.

"Ka taɓa tambayarta?"

"Me zan tambaya?"

"Ko za ta zauna in ta samu. Da ka sa hannun nan, ba ka da sauran abin riƙe ta."

"Yaya, don Allah ki bari."

"Na bari. Ni dai na gaya maka."

Ma'aikaciyar da ta karɓe su mai fara'a ce. Ta bar ni na zauna a kujerar baya. Ta tambayi unguwarsu, aikinsa, inda aka yi biki, ta duba hotuna tana murmushi. Ita kam ba ta nuna zargin komai ba, har na ji haushin sakacinta. Ta miƙa wa Siwel biro, ta nuna masa wurin.

Siwel ya riƙe biro bai rubuta ba. Ya waiwayo ya dube ni, sannan ya juya ga matarsa.

"Lei, in na sa hannu, za ki zauna?"

Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba sa buƙatar gyara. Leitau ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Sa ko ka bari, Siwel," ta ce. "Hannunka ne."

Ya sa. Muka fito, muka nufi tasha.

Kati ya ɗauki watanni kafin ya fito. Duk tsawon lokacin ba ta sake hali ba, girki, wanki, man kwakwa, sai dai dariyar ce ta ɗauke daga gidan. Ni kuwa na baza kunne a kasuwa. Na yi zargin wani mai sayar da kifi, na yi zargin wani soja da ke yawan sayen laplap. Na tabbata akwai wanda take jira a Nouméa, da zarar kati ya shigo hannu za mu ga ta tare a wani gida.

Kati ya fito. Ta ce wa Siwel ya raka ta Lifou, ni ma na bi. A gaban kawunmu, babban danginmu, ta shimfiɗa yadi a tabarma, ta ɗora taba a kai kamar yadda ake yi in za a yi magana mai nauyi. Da yarenmu ta yi. Ta gode wa Inna, ta gode wa dangi da suka karɓe ta, ta roƙi gafara in ta saɓa wa wani, ta ce za ta koma Nguna wurin ubanta.

Kawu ya tambaye ta ko an yi mata wani abu ne.

"An tambaye ni wata tambaya, Kawu. Da a ɗaki aka yi mini ita, da na amsa. A gaban baƙuwa aka yi." Ta ciro katin daga jaka ta ajiye a gaban Siwel. "Na tsaya sai da ya fito ne don kada a ce hana ni aka yi na tafi. Ga shi nan. Ka riƙe, tunda shi kake tsammanin na aura."

Siwel ya roƙe ta, Inna ta roƙe ta, har Kawu ya sa baki. Ta tafi.

To ni wannan ne ya tsaya mini a wuya. Katin ba ya amfani a Nguna, kuma ma ba ta tafi da shi ba. Na juya maganar ta kowace fuska ban gano ribarta ba, kuma ban yarda a ce mutum ya yi wannan wahala duka a banza ba. Dole akwai wani abu.

Makon jiya na kai wa Siwel abinci tasha, don yanzu ni ke kaiwa. Ya rame, yana cin abincin kamar magani. Na ce masa ya kwantar da hankali, wannan tafiyar ma dabara ce, so take ya bi ta da roƙo don ta dawo da ƙarfinta.

Ya rufe kwanon, ya miƙo mini, ya hau bas ɗinsa. Sai da ya tayar da inji ya leƙo ta taga.

"Yaya," ya ce, "ke ba ki gaji ba?"