Hajiya Yagana da Buƙata ta Biyar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan, ko shayi ban kai baki ba, aka bugo mini waya daga Kwaciri cewa Hajiya Yagana ungozoma ta rasu. Na ce wace Yagana? Kamar akwai wata. In kun ga kuskure a rubutun nan ku yi haƙuri.

Yawancinku ba ku san ta ba. Kun dai saba ganina a Fesbuk ina faɗa a kan asibitoci, kuna cewa tsohon nan ba ya gajiya. To a wurinta na koya, kuma ba da daɗi na koya ba.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, akwai wani ƙaramin asibiti a bakin Fagge, ta wajen Sabon Gari. Ɗaki uku ne da baranda. Malam Sule ne babba, shi ke ba da magani. Ni ne malamin rubutu, saurayi, ina ji da kaina don an ce hannuna ya iya alƙalami. Ita kuma Yaya Yagana, kamar yadda muke kiranta, ita ke karɓar haihuwa. Iyayenta da nawa duk daga Barno suka zo.

Ranar da na fara aiki na tsaya a baranda ina ƙwala wa matan aure kira da sunayensu. Ta ja ni gefe ta ce, "Modu, matan mutane ne, ba 'yan ajinku ba. Matsa kusa ka faɗa a hankali."

Da azahar ta miƙo mini rabin furarta. Haka ta yi ta yi har na yi aure.

A lokacin akwai ƙa'idar da ke ci mata rai. Ba a tura matar aure babban asibiti a yi mata tiyata sai mijinta ya sa hannu a fom, ko ya dangwala yatsa. Su kuwa mazan Fagge fatake ne. Mutum zai ɗauri atamfa a kasuwar Kwari ya nufi gabas, sai bayan wata biyu ko uku a gan shi. Haihuwa kuma ba ta jiran kowa.

Wata rana takarda ta zo daga kwamitin da ke gyaran dokokin lafiya, cewa kowane asibiti ya rubuto buƙatunsa. Muka zauna a ƙarƙashin darbejiya muka yi ta musu. Malam Sule mota yake so. Wani ya ce famfo, wani ya ce gadaje, wani ya ce a gyara rufi. Yaya Yagana ta bari kowa ya gama, sannan ta ce, "Ko kun samu motar, wa za ku ɗauka a cikinta in babu miji?"

Kowa ya yarda tata ce babba: in miji ba ya gari, a karɓi hannun uwa, ko ɗan'uwa, ko mai unguwa.

Aka ce ni in rubuta.

Jama'a, ni ɗan gidan malamai ne. A gidanmu ba a faɗa wa babba magana gatsau. Sai ka gaishe shi, ka yi masa addu'a, ka kawo ƙananan abubuwa, in zama ya yi daɗi sannan ka ce, "Wato dai abin da ya kawo ni..." Haka na ga mahaifina yana yi, haka na yi. Gaisuwa rabin shafi. Famfo na ɗaya, rufi na biyu, gadaje na uku, mota ta huɗu. Maganar Yaya Yagana na ajiye ta ta biyar, don girmanta. Na kai wa Malam Sule ya sa hannu, na tafi gida ina jin na yi abin kai.

Da amsa ta zo, ashe sakataren kwamiti uku na farko kawai yake ɗauka daga kowace takarda ya sa a ajanda. Sauran sai zama na gaba, zaman kuwa sai shekara ta zagayo.

An ba mu famfo.

Yaya Yagana ta tsaya a bakin teburina ta ce, "Me ya sa ka sa ta a ƙarshe?" Na yi mata bayani. Ta ce, "Neman aure aka aike ka?" Ta juya. Sati guda ba ta ce mini ko sannu ba, amma furar ba ta fasa zuwa ba.

Da damina ta kankama, yayata Falmata ta shiga naƙuda. Mijinta ya tafi fatauci can gabas, birnin Fort Lamy, da kaya. Kwana ta yi tana abu ɗaya a gida, sai da hantsi aka kawo ta a kan tabarma, mata huɗu na riƙe da ita. Yaya Yagana ta duba ta, ta fito tana goge hannu, ba ta ko kalle ni ba.

"Ɗan ya gicciye. Sai tiyata. Malam, a ba ni fom."

Malam Sule ya ce, "Ina mijin?"

Na ce, "Ni ƙanenta ne, Malam. Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Kawo in sa hannu."

Ya ce, "Modu, kai ke rubuta fom ɗin nan kullum. Me aka rubuta a wurin?"

Miji aka rubuta.

Kada ku zagi Malam Sule, Allah ya ji ƙansa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. An taɓa kai ƙararsa a kan irin haka har ya kusa rasa aiki. Ya ce a buga wa mijin wayar tangarahu ta gidan waya. Yaya Yagana ta ce kafin ta isa an yi sadakar uku. Ya ce to a nemo yayan mijin a Kwari, ko za a iya lallaɓawa da shi. Na ruga da gudu, kantin a rufe, an ce ya tafi ɗaurin aure Bichi. Na dawo, wandona duk taɓo. Falmata ta daina ihu, wannan ya fi ihun tayar mini da hankali.

Rana ta take. Muna nan a baranda muna ta a yi kaza, a'a a yi kaza.

Sai Yaya Yagana ta yafa gyalenta ta fita. Can sai ga ta a gaban wata motar itace daga tashar Sabon Gari, direban wani Bayarabe yana ta cewa, "Mama, a hankali, a hankali." Ta fizgi fom daga teburina, ta rubuta sunanta a wurin miji, ta ɗora yatsa a kai.

Malam Sule ya ce, "Yagana, aikinki fa."

Ta ce, "In an tambaya ka ce ban ji maganarka ba. Ai ban ji ba ɗin."

A bayan motar nan, kan Falmata na kan cinyata, ruwa na tsattsafi, kowane rami sai ta ƙanƙame hannuna. Da muka isa babban asibiti, ban san abin da Yaya Yagana ta faɗa wa likita ba, na dai ji muryarta ta cikin ƙofa. Aka shiga da ita.

Falmata ta rayu. Ɗan, namiji, bai zo da rai ba. Likita ya ce da an kawo ta tun hantsi, da wataƙila an samu duka biyun. Falmata ba ta sake haihuwa ba har Allah ya karɓi ranta.

Aka dakatar da Yaya Yagana daga aiki. Tana zaune a gida ta aika in zo da takarda da alƙalami. Ta ce, "Rubuta. Ba gaisuwa." Layi huɗu ne, buƙata ɗaya. Ta bi gidajen fatake ɗaya bayan ɗaya suka dangwala, mijin Falmata ne na farko, yana kuka. Da shekara ta zagayo aka gyara ƙa'idar, aka mayar da ita bakin aiki.

Watan jiya na je gaishe ta a Kwaciri. Ido ya tafi, amma da na yi sallama ta ce, "Modu mai alƙalami." Muka yi dariya. Daga nan na faɗi abin da na yi shekara sittin da wani abu ina haɗiyewa. Na ce, "Yaya, ki yafe mini takardar nan."



Sai ta ce, "Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da ka kai takardar ka tafi gida, Malam Sule ya karanta mini ita kafin ya aika. Na ji maganata a ƙarshe, na ji daɗi. Na ce yaron nan ya san girman magana. Ni na ce masa a aika haka."

Ta lalubo hannuna ta ce, "Da amsa ta zo, kunya ce ta sa na sauke laifin a kanka. Na bar ka da shi kai kaɗai duk shekarun nan. Kai za ka yafe mini."

Wallahi raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye muku ba. Na tuna duk ranar da na kasa haɗa ido da Falmata. Amma sai na ce, "Haba Yaya, a bar maganar." Na ce zan dawo. Ta ce, "To, ina jira."

Ban koma ba. Kullum sai in ce gobe.

Yaya Yagana, na yafe. Duniya da lahira na yafe. Ban faɗa a kunnenki ba, to ga shi na faɗa a gaban mutane, ku zama shaida.

Ya Allah ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka saka mata da alheri a kan kowace mace da ta tsaya wa. Ka haɗa ta da Falmata da ɗan nan a Aljanna. Bayan azahar za a yi jana'iza. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a, ya sa ni ma a ciki.